Ɗan sinadarin da ke hana robar PVC ƙonewa, da abin da yake bari a baya

A cikin robobin da masana'antu ke sarrafawa, PVC ce mai halin da ya fi ba masu aikinta wahala, domin ba ta sarrafuwa sai da zafi, kuma zafin da take buƙata kafin ta yi laushin da za ta bi ta cikin inji ya ɗara wanda take iya jurewa. Tsantsar garinta yakan fara lalacewa a hankali da zarar zafi ya haura digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, alhali injin da ke fitar da bututun ruwa yana aiki ne a tsakanin digiri 170 zuwa 200. Ke nan da za a zuba garin zalla a cikin inji, abin da zai fito ta ɗaya bakin baƙin dunƙule ne mai ƙauri, tare da hayaƙi mai yaji da ke cin ƙarfen injin kansa. Duk da haka, ita ce ta uku a jerin robobin da aka fi yi a duniya, ana samar da fiye da tan miliyan 40 a kowace shekara, kuma da ita ake yin bututun rijiyar burtsatse, da rigar wayar lantarki, da silin ɗin roba, da ledar shimfiɗa a ɗaki, da takalman roba, da fakitin nan garai-garai da ake jera ƙwayoyin magani a ciki. Abin da ya sa hakan ya yiwu wani ɗan sinadari ne da ake gaurayawa da garin kafin a kai shi wuta, wanda 'yan masana'anta ke kira sitabilaiza, ni kuma zan riƙa kiransa sinadarin kariya. Yawanci bai wuce kilo 2 zuwa 4 a cikin kowane kilo 100 ba, a wasu haɗe-haɗen ma bai kai haka ba, amma idan babu shi babu sana'ar gaba ɗaya.

Tarihin robar ma ya tabbatar da haka. Tun a shekarar 1872 wani masanin sinadarai Bajamushe mai suna Eugen Baumann ya ga wani farin abu ya daskare a cikin kwalbar da ya bari a rana, kuma a 1913 Fritz Klatte ya yi rajistar hanyar haɗa shi a Jamus, amma kamfanin da yake wa aiki ya rasa yadda zai yi da wannan abu mai tauri da ke ƙonewa kafin ya narke, har ya haƙura da shi. Sai a 1926 Waldo Semon na kamfanin B.F. Goodrich a Amurka ya gano yadda ake sanya masa wani mai ya yi laushi, sannan a shekarun 1930 aka fara dacewa da sinadaran ƙarafan da ke hana shi lalacewa a wuta, aka kuma soma yin bututu da shi a Jamus. Fiye da shekara 50 ke nan abin yana ajiye ba a amfana da shi ba, saboda kawai ba a san abin da za a ƙara masa ba.

Domin a gane aikin sinadarin kariya, sai an fara sanin abin da ke faruwa a cikin robar idan ta sha zafi. PVC doguwar sarƙa ce ta ƙwayoyin kabon, kuma a jikin sarƙar akwai ƙwayoyin kulorin rataye a jere, masu yawan da ya kai kusan kashi 57 cikin 100 na nauyinta. Daga gishiri ake samo kulorin ɗin, ragowar kuma daga man fetur ko iskar gas. A lokacin da ake haɗa sarƙar, ba a rasa 'yan wurare ƙalilan da ɗaurin bai yi daidai ba, inda ƙwayar kulorin take riƙe sako-sako. Da zafi ya taso, daga irin waɗannan wurare ɓarnar take farawa: kulorin ya ɓalle, ya ja ƙwayar haidurojin da ke kusa da shi, su fita tare a matsayin iskar asid, wato asid ɗin haidurokulorik. Fitarsu takan raunana ƙwayar da ke maƙwabtaka da gurbin, ita ma ta ɓalle, ta raunana ta gaba da ita, haka abin zai yi ta tafiya kamar yadda hular saƙa ke warwarewa idan aka ja zare ɗaya. Abin da ya fi muni shi ne asid ɗin da ya fita ba ya tafiya salin alin, shi ne kuma yake ƙara hanzarta ɓallewar sauran, don haka da zarar ɓarnar ta kama, gudu take ƙarawa.

Ido yana iya ganin wannan. Sashen sarƙar da kulorin ya bari yana shanye wani ɓangare na haske, shi ya sa farar robar take komawa ruwan ɗorawa, daga nan ta yi ja, ta koma ruwan ƙasa, a ƙarshe ta yi baƙi ƙirin. Launin yakan bayyana tun ɓarnar ba ta kai kashi 1 cikin 1,000 ba, wato tun ƙarfin robar bai taɓu ba sosai, kuma wannan rahama ce ga mai kula da inji, domin da ya ga zanen rawaya ya fara bin jikin bututun da ke fitowa, ya san ko dai wuta ta yi yawa, ko garin ya maƙale a wani lungu na injin yana dahuwa, ko kuma an yi rowar sinadari a wajen haɗi.

Aikin sinadarin kariya shi ne ya tare wannan ɓarna ta fuskoki da dama a lokaci guda. Yana haɗiye asid ɗin da zarar ya fito, kafin ya kai ga tunzura sauran. Wanda ya fi nagarta ba ya jiran asid ya fito ma, yakan je wurin da kulorin yake sako-sako ya cire shi, ya maye gurbinsa da wani abu mai riƙo da ƙarfi, ya toshe ƙofar tun ba a buɗe ta ba. Wasu kuma suna katse sashen da ya riga ya lalace don kada launi ya bayyana, ko su hana iskar oksijin shiga cikin lamarin. Abin lura a nan shi ne sinadarin yana ƙarewa ne a cikin aikin, duk asid ɗin da ya haɗiye ya rage masa ƙarfi, saboda haka kowane haɗi yana da iyakar mintunan da zai jure a wuta, kuma abin da ya rage bayan an fito daga inji shi ne guzurin da bututun zai rayu da shi shekara da shekaru.

Akwai gwajin da ake yi a ɗakin binciken masana'anta wanda yake burge ni saboda sauƙinsa. Ana murza haɗin ya zama falle, a yayyanka shi ƙanana, a jera a cikin tanda mai zafin digiri 180 ko 190, sannan a riƙa ciro yanki ɗaya bayan kowane minti 10 ana manna shi a jikin kwali. Idan aka gama, sai ka ga layi guda da ya faro daga fari fat ya ƙare a baƙi, kuma idan aka jera layukan haɗi uku ko huɗu a kan kwali ɗaya, ko wanda bai yi karatun kimiyya ba zai nuna maka wanda ya fi juriya. Akwai kuma wani gwajin da ake sa ɓarɓashin robar a cikin siririyar kwalba, a rataya wata jar takarda a samansa, a ɗora a wuta, a riƙe agogo. Lokacin da takardar ta rikiɗe ta koma shuɗiya, asid ya fara kuɓucewa ke nan, sinadarin ya ƙare.

Sai maganar da ta sa na ɗauki alƙalami, wato da me ake yin wannan sinadari. Shekaru da dama, amsar a yawancin duniya ita ce dalma. Ba don mugunta masu masana'antu suka rungume ta ba, gaskiya ita ce dalma ta iya aikin. Tana da araha, tana jure wuta na dogon lokaci, tana yafe wa mai inji kurakuransa, wasu nau'o'inta ma suna sa garin ya yi santsi a cikin inji. A wajen rigar wayar lantarki kuwa ta yi fice, domin abin da take zama bayan ta haɗiye asid ba ya narkewa cikin sauƙi a ruwa, don haka ba ya ba wutar lantarki hanyar zurarewa ko da wayar tana cikin danshi. A ɓangaren roba mai laushi kuma an daɗe ana amfani da haɗin bariyam da kadmiyam, shi ma kadmiyam ɗin guba ne da ke taruwa a ƙoda.

Mu a arewacin Najeriya ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan dalma. A 2010 gubarta ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, sakamakon dakan duwatsun zinare a cikin gidaje, kuma dubbai sun rayu da ita a jininsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙwaƙwalwar yaro ƙarami ita ta fi saurin illatuwa, illar da ba ta gyaruwa. Sai dai adalci ya wajaba a nan, kada a tsorata mutane fiye da kima. Dalmar da ke cikin bututun PVC a ɗaure take a cikin ƙwayar robar, ba daidai take da ƙurar da yaran Zamfara suka shaƙa ba. Abin da ke fita cikin ruwa yakan fito ne daga fatar cikin bututun, ya fi yawa lokacin da bututun yake sabo, sannan ya riƙa raguwa. Babban haɗarin yana farkon rayuwar robar da ƙarshenta: a kan lebura mai yage buhun farin gari yana juyewa a tukunyar haɗi ba tare da abin rufe hanci ba, ya koma gida da ƙurar a rigarsa ya ɗauki ɗansa, da kuma lokacin da robar ta tsufa ta fara zama gari, ko aka niƙa ta, ko aka ƙone ta.

Amurkawa sun ga misalin wannan a 1996, lokacin da hukumarsu mai kula da lafiyar kayan masarufi ta gano cewa labulen taga na roba mai falle-falle, wanda ake shigo musu da shi miliyoyi a shekara daga ƙasashen waje, rana da zafi suna cin fatarsa har ƙurar dalma ta taru a kai, yara su shafa su kai hannu baki. Dalmar da aka sa don ta kare robar a cikin inji na 'yan mintuna, ita ce ta fito bayan shekaru a ɗakin kwanan yara.

Turai ta bi hanya mai tsawo kafin ta rabu da waɗannan ƙarafa. A 2000 kamfanonin PVC na nahiyar suka ɗauki alƙawari na ƙashin kansu, a ƙarƙashin shirin da suka kira Vinyl 2010, suka daina amfani da kadmiyam a 2001, sannan suka kammala janye dalma a ƙarshen 2015. Amma alƙawarin bai hau kan kayan da ake shigo da su daga waje ba, sai a 2023 Tarayyar Turai ta kafa dokar da ta hana sayar da kayan PVC da dalmar cikinsu ta kai kashi 0.1 cikin 100, dokar da ta fara aiki a ƙarshen watan Nuwamban 2024. Abin da ya jinkirta dokar shi ne ya fi jan hankalina. Firam ɗin taga da bututun da aka yi shekara 30 ko 40 da suka wuce yanzu suke dawowa a matsayin shara, cike da dalma, kuma idan aka ce ba za a sake narka su ba, sai dai a binne ko a ƙone. A 2020 Majalisar Turai ta yi watsi da daftarin farko saboda tana ganin ya yi wa tsohuwar robar sassauci da yawa. A ƙarshe aka amince a bar tsohuwar roba mai tauri da dalmarta ba ta kai kashi 1.5 cikin 100 ba ta shiga wasu kayan gini har zuwa 2033, bisa sharuɗɗa, ban da bututun ruwan sha. Indiya ma ta fitar da dokokinta a kan dalma a bututun PVC a 2021.

Amurka ta daɗe da karkata ga sinadaran da ake yi da kuza, ma'adinin nan da aka san tudun Jos da haƙarsa. Su ne gwanayen wuta, ɗan kaɗan yana wadatarwa, kuma suna barin robar garau kamar gilashi, shi ya sa aka fi son su wajen kwalabe da fakitin magani. Aibinsu tsada da wari, domin akwai farar wuta a cikinsu, kuma wasu nau'o'insu ma Turai ta taƙaita su a kayan da jama'a ke taɓawa tun 2012.

Wanda ya gaji dalma a Turai, kuma yake ta yaɗuwa a sauran duniya, shi ne haɗin kalsiyam da tutiya, wato sinadarin da ke cikin farar ƙasa da kuma ƙarfen da ake shafe kwanon rufi da shi don kada ya yi tsatsa. Yadda waɗannan biyu suke aiki tare ya cancanci a tsaya a kansa. Tutiya tana da zafin nama, ita ce ke zuwa ta maye gurbin kulorin mai rauni, ta sa robar ta fito fara tas. Matsalarta ita ce bayan ta gama wannan aiki takan rikiɗe ta zama wani gishiri mai haɗari, wanda idan ya taru yakan sa robar ta yi baƙi farat ɗaya, ba tare da ta bi ta rawaya ko ja ba. A kwalin gwajin da na ambata, sai ka ga yanki huɗu farare, na biyar kuma baƙi wuluk. Kalsiyam shi kaɗai ba shi da kuzari, robarsa takan fito da ɗan launi, amma yana karɓe kulorin ɗin daga hannun tutiya, ya mayar da ita yadda take ta koma bakin aiki, shi kuma ya zama gishirin da ba ya cutar da robar. Ko da hakan, su biyun ba sa kai wa ga juriyar dalma sai an ƙara musu mataimaka, irin su man waken suya da aka sarrafa, da wasu ma'adinai masu shanye asid, da sinadaran da ke ɗaure gishirin tutiyar kafin ya yi ɓarna. Wannan haɗi ne ake amfani da shi a jakar ƙarin jini da robar ƙarin ruwa a asibiti, kuma wannan kaɗai ya isa shaida a kan amincinsa.

Ba na ganin laifin mai ƙaramar masana'anta idan ya ji nauyin sauyawa. Haɗin kalsiyam da tutiya ba ya yafiya kamar dalma, yana son a auna komai daidai, a sake daidaita man santsi da zafin inji, kuma a inda wutar lantarki ke ɗaukewa ba sallama, garin ya tsaya cik a cikin inji mai zafi, kowane minti na ƙarin juriya kuɗi ne. Amma wahalar sauyi ta 'yan watanni ce, bututu kuwa ana sa ran ya yi shekara 50 a ƙarƙashin ƙasa, kuma masana'antun ƙasashe da dama sun riga sun nuna cewa abin mai yiwuwa ne.

Akwai wata kariyar dabam da ta shafe mu ƙwarai, ita ce kariya daga rana. Hasken rana yana tsinka sarƙar PVC daga fata, kuma sinadarin da ke kare ta daga zafin inji ba shi ne ke kare ta daga wannan ba. Ana amfani da wani farin gari na taitaniyam wanda ke tare hasken, ko kuma baƙin kabon. Bututun da aka yi don a binne ba a cika sa masa da yawa ba, tunda ba a yi shi don ya zauna a sarari ba. Na sha ganin bututu a jingine a ƙofar shagunan kayan famfo wata da watanni, ɓangaren da ke kallon rana ya koɗe, idan ka shafa shi da yatsa sai wani farin gari ya biyo hannunka. Irin wannan bututu yana iya riƙe ruwa, amma ya rasa juriyar bugu, da dutse ya faɗo masa a rami sai ya tsage. Idan kuma aka haɗa da cika masa garin alli fiye da kima don a rage kuɗi, to sai abin ya taru ya yi yawa. Inuwa ko fenti mai haske suna maganin kaso mai yawa na wannan matsala, kuma bai kamata mai aikin famfo ya bar bututu tsirara daga tanki zuwa ƙasa ba.

Ƙarshen rayuwar robar shi ya fi damuna. Duk wanda ya san bayan kasuwannin 'yan gwangwan ya san baƙin hayaƙin da ke tashi idan samari suna ƙone waya don su ciro jan ƙarfen ciki, kamar yadda aka yi ta yi shekaru a Agbogbloshie da ke Akara, babban birnin Gana, kafin a tashi wurin a 2021. Hayaƙin yana ɗauke da asid ɗin nan mai ƙona maƙogwaro, ƙonewar PVC a fili tana iya haifar da guba mai suna dayoksin, dalmar da ke cikin rigar tsohuwar waya kuwa wani kaso ya bi iska, saura ya zauna a toka, ruwan sama ya wanke shi zuwa kwata da fadama. Injin feɗe waya, ko ma wuƙa da haƙuri, yana fitar da jan ƙarfen da tsabta ba tare da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Haka nan tsofaffin takalma da guntayen bututu da ake niƙawa a sake narkawa suna tafiya da duk abin da aka zuba musu tun farko, kuma mai niƙan ba shi da hanyar sanin wanne ne mai dalma, sai dai wani lokaci idan ya haɗa mai dalma da mai sinadarin kuza, farar wutar da ke cikin na biyun ta haɗu da dalmar, kayan su fito da dabbare-dabbaren toka-toka.

Mai saye ba ya iya bambance bututu mai dalma da marar dalma da ido, ko da nauyi, ko da ƙwanƙwasawa, don haka nauyin yana kan masu yi da masu sa ido. Akwai na'urar hannu mai aiki da hasken eksire, irin na ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, da ake ɗora wa roba ta nuna ko akwai dalma a cikin ƙasa da minti ɗaya, kuma ina ganin ya dace Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya, SON, ta riƙa shiga da ita masana'antu da tashoshin jiragen ruwa da manyan kasuwannin kayan gini, ta fara da bututun ruwan sha da kayan wasan yara. A jikin kowane bututu na kirki an riga an buga sunan kamfani da faɗinsa da ƙarfin matsin ruwan da yake ɗauka, saboda haka ƙara kalma biyu da ke nuna irin sinadarin kariyar da aka sa ba zai ci wa kowa kuɗi ba. Gwamnatocin jihohi da ƙungiyoyin da ke ba da kwangilar haƙa rijiyoyin burtsatse su ne manyan masu sayen bututu, kuma suna da ikon rubuta a cikin takardar kwangila cewa ba za su karɓi mai dalma ba, su kuma nemi takardar gwaji daga ɗan kwangila kafin a zura bututu na farko a rami.